Idan Bakin Faifan Ajiya Ya Karye

Sau da yawa mutum yakan zare wayar faifan ajiyar kwamfutarsa, wanda masu gyara ke kira had-dis, sai ya ji ƙas! Ya duba, ya ga ɗan harshen robar bakin ya ɓalle, ya bar haƙoran ƙarfe tsirara. Nan take gabansa ya faɗi, ya ɗauka hotuna da takardun shekaru sun tafi. Alhali ba inda suka je. Bayanai suna can cikin ƙarfen, a kan faya-fayan da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, kuma karayar baki ba ta kai gare su.

Bakin da yawancin faifai ke da shi yanzu sunansa SATA, ya fito ne a 2003, ya gaji tsohon nan mai fil 40 da faffaɗar waya. Gida biyu ne: ƙarami mai haƙora 7 na shige da ficen bayanai, babba mai haƙora 15 na wuta. Rauninsa shi ne robar, siririya ce, kuma ba a yi ta don yawan cirewa da mayarwa ba. Wajen sau 50 aka ƙiyasta mata. Wanda ya ja waya a karkace kuwa, sau ɗaya ma ya isa.

Kafin a taɓa komai, a kashe wuta. Sannan a leƙa cikin kan wayar, domin galibi guntun robar yana nan a maƙale. In haka ne, an yi sa'a: a miƙe haƙoran da suka lanƙwashe a hankali da hantsaki, a zura su inda suke a da, a ɗaure wayar kada ta motsa. Wasu kan ɗiga gam. Ni dai ba na son wannan, don ɗigo ɗaya a kan haƙori ya isa ya toshe hanya. Ɓangaren wuta ya fi son kula, saboda akwai bolt 5 da bolt 12 kusa da juna, in suka haɗu allon ƙasan faifan zai ƙone.

In haƙori ya tsinke, aiki ya koma hannun mai dalma, ya cire bakin gaba ɗaya ya dasa wani daga mataccen faifai. Masu gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre a Kano sun saba da aikin da ya fi wannan ƙanƙanta. Sai dai in aka ce za a sauya allon duka, a tuna akwai ɗan guntun ƙwaƙwalwa a kansa mai ɗauke da saitin wannan faifan shi kaɗai. Ko faifan na kamfanin Seagate ne, ko Western Digital, sai an ɗauke guntun an mayar kan sabon allon, in ba haka ba faifan zai juya amma ba zai karanta ba.

Murfin ƙarfen nan na sama kuwa, kada a bari kowa ya kwance shi. Allurar da ke karanta bayanai tana shawagi ne dab da faifan, ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakaninsu girma nesa ba kusa ba.

Da zarar kwamfuta ta ga faifan, ka kwashe kayanka zuwa wani a zaman nan, kada ka ce sai gobe. Bakin da aka gyara ba abin dogaro ba ne, ka nemi sabon faifai.