Mako takwas a cikin gida: yadda masu kutse suka yi garkuwa da bayanan asibitocin Ireland

Da misalin ƙarfe ɗaya na daren Juma'a, 14 ga Mayun 2021, kwamfutocin Hukumar Lafiya ta ƙasar Ireland, wato HSE, suka fara kulle kansu ɗaya bayan ɗaya. Kafin gari ya waye, hukumar ta ba da umarnin kashe dukkan na'urorinta a faɗin ƙasar. Likitoci suka koma amfani da biro da takarda. Ba a iya duba hoton ƙashi ko sakamakon gwajin jini a kwamfuta, an kuma dakatar da gashin cutar daji a cibiyoyi da dama. A Dublin, asibitin haihuwa na Rotunda ya soke ganin likita ga masu zuwa awo, in ban da matan da cikinsu ya kai mako 36 da masu larurar gaggawa. Duk wannan ana tsaka da annobar korona.

Abin da ya faɗa wa hukumar shi ne manhajar garkuwa da bayanai. Manhaja ce da ke bin fayiloli tana sauya su zuwa rubutun da ba ya karantuwa sai da mabuɗin sirri, wanda ke hannun maharan. Daga nan sai su nemi kuɗin fansa, galibi da kuɗin intanet irin su Bitcoin. Yawancinsu sukan kwashe kwafin bayanan tukuna, domin su yi barazanar fallasa su idan aka ƙi biya. Gungun Conti, mai alaƙa da Rasha, shi ne ya kai wannan hari, kuma ya nemi kusan dala miliyan 20.

Yadda suka shiga

Rahoton binciken da kamfanin PwC ya gudanar, wanda aka fitar a Disambar 2021, ya nuna cewa tun ranar 18 ga Maris ɓarnar ta faro. A ranar ce wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin Excel da aka liƙa a wani saƙon imel na yaudara. Da wannan latsawa guda maharan suka samu ƙofa. Ba su yi gaggawa ba. Mako takwas suka shafe a ciki, suna satar kalmomin sirrin manyan ma'aikata, suna tsallakawa daga wannan asibiti zuwa wancan, suna kwasar bayanai.

Abin takaicin shi ne an ga alamunsu. A ƙarshen Maris, manhajar kariya da ke kan kwamfutar farko ta hango kayan aikin kutse, amma an saita ta ne ta sa ido kawai, ba ta toshe komai. A watan Mayu wasu asibitoci sun lura da motsin da ba su yarda da shi ba. Ranar 13 ga Mayu, kwana ɗaya kafin harin, kamfanin da ke samar wa hukumar manhajar kariya ya aika saƙon gargaɗi. Ba a ɗauki matakin da ya dace a kan lokaci ba. Ma'aikatar Lafiyar ƙasar, wadda aka kai wa irin wannan hari a makon, ta gano shi kuma ta dakile shi kafin a kulle mata bayanai.

Rahoton ya bayyana dalili. Hukumar da ke da ma'aikata kusan 130,000 ba ta da babban jami'i guda da tsaron intanet ya rataya a wuyansa. Fiye da kwamfutoci 30,000 suna kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina tallafa wa tun Janairun 2020. Tsarin sadarwar kuma a buɗe yake daga ciki, wanda ya shiga ɗaki ɗaya zai iya zagaya gidan. Da harin ya auku, kusan kashi 80 cikin 100 na tsarin kwamfutocin hukumar ya kulle.

Mabuɗi ya zo, wahala ba ta ƙare ba

Firaminista Micheál Martin ya ce ƙasarsa ba za ta biya ko sisi ba. Ranar 20 ga Mayu sai ga maharan sun saki mabuɗin kyauta, suna ci gaba da barazanar sayar da bayanan da suka sace. Daga baya hukumar ta tabbatar da cewa an wallafa bayanan marasa lafiya 520 a intanet.

Mutane da yawa na ɗauka da zarar an samu mabuɗi magana ta ƙare. Ireland ta nuna akasin haka. Dole a bi kowace na'ura a tabbatar maharan ba su bar wata ɓoyayyiyar ƙofa ba, sannan a shigar da duk abin da aka rubuta a takarda. Har sojoji aka kira suka taimaka. Sai a ƙarshen Satumba, bayan fiye da wata huɗu, aka kammala buɗe manyan kwamfutocin ajiya. Kuɗin da aka kashe wajen gyara ya haura yuro miliyan 100.

Me ya sa suke son hukumomin gwamnati?

Hukuma ba ta iya rufe ƙofa ta ce a dawo wata mai zuwa. Asibiti da kwastam da ofishin albashi aikinsu ba ya jira, kuma wannan matsin lamba ne maharan ke ciniki da shi. Ga tsofaffin na'urori, ga tarin bayanan jama'a.

A Afrilun 2022 gungun Conti ya afka wa Ma'aikatar Kuɗin Costa Rica, ya durƙusar da tsarin haraji da na kwastam. Ranar 8 ga Mayu, ranar da ya kama mulki, Shugaba Rodrigo Chaves ya ayyana dokar ta-ɓaci. A Yunin 2024 kuma aka kulle wata cibiyar adana bayanan gwamnatin Indonesiya, aka nemi dala miliyan 8, layuka suka yi tsawo a filayen jiragen sama. Jami'ai sun amsa a gaban majalisa cewa kashi 98 cikin 100 na bayanan da ke cibiyar ba su da kwafin ko-ta-kwana.

Abin da ya kamata hukuma ta tanada

Matakan kariyar sanannu ne. A ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da intanet, a riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci. A sabunta manhajoji da zarar gyara ya fito. A sa tantancewa mai mataki biyu a kan kowane asusu. A rarraba tsarin sadarwa ta yadda matsalar sashe ɗaya ba za ta shafi sauran ba. A kuma tsara yadda aiki zai ci gaba da takarda idan na'urori suka tsaya.

Sama da duka, a samu mutum mai iko wanda aikinsa ne ya amsa idan ƙararrawa ta kaɗa, dare ko rana. Ba a rasa ma'aikacin da zai buɗe saƙon da bai dace ba a ma'aikata mai dubban mutane. A Ireland, akwai kwana 57 tsakanin wannan kuskure da daren da aka kulle asibitoci, kuma a kowace rana daga cikinsu ana iya korar maharan.