Gano Makamar Antibodi a Jikin Furotin

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana ke gano gurbin da antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki, ke kamawa a jikin furotin. Wannan gurbi shi za mu kira makama.

Furotin sarƙa ce ta amino asid iri 20, jere kamar haruffa a cikin kalma. A 1984 Mario Geysen da abokan aikinsa sun nazarci wani furotin na ƙwayar cutar ƙafa da baki ta shanu, mai amino asid 213. Suka haɗa guntaye 208 masu shida-shida, kowane ya zarce na bayansa da ɗaya. Guntun da antibodi ya manne wa, nan makama take.

Sai dai dabarar tana da babban giɓi, domin sarƙar a naɗe take. A 1986, a Cibiyar Pasteur ta Faris, an haska wani furotin na farin ƙwai, aka ga antibodi riƙe da amino asid 16 daga sassa biyu masu nisa da juna, waɗanda naɗi ya haɗa wuri guda. Irin wannan makama ta fi yawa, kuma guntaye ba sa nuna ta, sai mai neman allurar rigakafi ya wuce ta bai sani ba.