Abin da Wani Rafin Tsauni Ya Tona Cikin Shekara Sittin

A arewa maso gabashin Amurka, cikin tsaunukan jihar New Hampshire, akwai wani kwari da ake kira Hubbard Brook. Daji ne mai faɗin kadada dubu uku da 'yan kai, ƙananan ƙoramu na gangarowa daga kafaɗar tsauni su haɗu a gindi. Hukumar gandun daji ta Amurka ta keɓe wurin a 1955, kuma tun 1963 ake ɗiban ruwan ƙoramun nan a kwalba, mako bayan mako, ana aunawa. Ga kaɗan daga cikin abin da aka gani.

Da farko, me ya sa nan? Ƙarƙashin ƙasar dajin fa ne shimfiɗe, ruwa ba ya ratsa shi. Duk ruwan da ya sauka, ko dai ya koma sama ta ganyen itatuwa, ko ya bi ƙorama. Sai aka gina wa kowace ƙoramar da ake aunawa 'yar madatsa ta kankare mai tsaga kamar harafin V, ta nan ruwan zai wuce dole, na'ura kuma na rubuta tsayinsa dare da rana. Lissafin ya zama irin na mai shago: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, saura na hannun daji.

Masana huɗu ne suka fara aikin: Herbert Bormann, Gene Likens, Noye Johnson da Robert Pierce. Ba ruwan sama mai guba suka je nema ba. Amma samfurin ruwan sama na farko da suka tara a 1963 ya nuna 3.7 a ma'aunin tsami, alhali ruwan sama mai tsabta yakan tsaya wajen 5.6. Tazarar ta fi yadda ido ke gani, domin kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, wato ruwan ya fi na ƙa'ida tsami kusan sau tamanin. Akwai ma ruwan da ya taɓa sauka can da 2.85. Daji ne lafiyayye, babu masana'anta kusa. Ashe hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona kwal ne iska ke kwasowa daga tsakiyar ƙasar, ɗaruruwan kilomita, farar wutar da ke cikinsa ta haɗu da gajimare ta sauko. A 1972 suka buga sakamakon, nan Amurka ta san tana da wannan ciwo.

Sani daban, magani daban. Likens ya je fadar shugaban ƙasa a 1983 ya yi wa Ronald Reagan bayani baki da baki, amma sai a 1990 aka gyara dokar tsabtar iska aka tilasta rage hayaƙin. Abin da ya fi burge ni shi ne, da masu tashoshin suka yi ta musu, ba a rasa abin ajiye musu a gaba ba. Awon shekara ashirin da ɗoriya yana nan a rubuce, kuma da hayaƙi ya ragu, tsamin ƙoramun ya bi shi ƙasa.

Akwai gwajin da ke sosa rai. A hunturun 1965 zuwa 1966 aka sare duk itatuwan da ke kewaye da ƙorama ɗaya, aka bar su kwance inda suka faɗi, aka yi ta feshin maganin ciyawa shekara uku don kada ko tsiro ya ɗaga kai. Ruwan ƙoramar ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari a shekarar farko, tunda babu saiwar da za ta sha. Sinadarin naitiret, irin wanda manomi ke saye a takin zamani, ya ninka sau 41 a cikin ruwan, shekara ta biyu sau 56. Ruwan da a da ake kamfata a sha ya wuce ƙa'idar ruwan sha, gansakuka ta lulluɓe duwatsun ƙoramar. Albarkar ƙasa ce ke zurarewa a idon mutane. Duk mai ganin itace inuwa ce kawai da makamashi, ya kamata ya ji wannan labari.

Sai kuma ɓarnar da ta ɓuya. Wajen 1987 aka lura dajin ya daina ƙara nauyi. Binciken da aka buga a 1996 ya nuna ruwan tsamin ya wanke fiye da rabin kalsiyam da itatuwa ke iya zuƙa daga ƙasa. Bishiyar mapul, wadda ake tatsar ruwanta a dafa ya zama zaƙi, ita ta fi jin jiki.

Maganin da aka gwada? A watan Oktoba na 1999 jirgi mai saukar ungulu ya yi ta shawagi bisa yankin ƙorama ɗaya yana zuba tan-tan na garin wani dutse mai kalsiyam. Mapul ta farfaɗo, ganye ya yi kauri, har ruwan ƙoramar ya ɗan ja baya na 'yan shekaru saboda itatuwa sun koma sha da ƙarfi.

Yanzu kuwa ruwan ƙoramun ya tsarkaka har ya so ya yi yawa. Tsami ya ragu, amma gishirin ƙasa ma ya ƙare, ruwan na neman zama kamar wanda aka tace a ɗakin gwaji.

Ba a zubar da ragowar samfuran ba. Akwai gini guda da aka jera dubban kwalaben ruwa, da ƙasa, da ganye, kowanne da kwanan watansa, don mai bincike na gobe ya auna abin da na jiya bai san ana aunawa ba. Akwai kuma manhaja a intanet da ke mayar da awon ruwan sama da gudun rafin zuwa kiɗa, kana zaune kana sauraron yadda ruwa ke tafiya a wannan sa'a.

A Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya kakkarya rassan dajin, naitiret ya sake hauhawa a ƙoramu. Maimakon jiran wani, a 2016 masana suka haɗa nasu da hannu: cikin dare, sanyi na yanka, suka ja ruwan rafin da injin, suka harba shi sama da mesar 'yan kwana-kwana, yana sauka yana daskarewa a kan rassa.

Tsuntsaye ma ana ƙirga su, tun 1969, aikin da Richard Holmes ya fara. A farkon shekarun 1970 akan samu sama da 200 a kadada goma, daga baya suka ragu da fiye da rabi. Yawancin wannan raguwa tsufan daji ne ya jawo ta, wasu tsuntsayen ba sa son kurmi ya rufe. Na ƙwari shi ne ya fi tayar min da hankali. Tarkon da aka kafa a shekarun 1970 aka sake kafa irinsa daga 2015 zuwa 2017, sai aka tarar ƙwarin nan masu ɓawo, dangin buzuzu, sun ragu da kashi 83 cikin ɗari, a dajin da babu gona, babu feshin maganin ƙwari. Masu binciken sun ɗora laifin a kan ɗumamar yanayi da raguwar dusar ƙanƙarar da ke rufa wa ƙwarin asiri a lokacin hunturu.