Sau Nawa Za A Kashe Iyayen Batman?

Duk wanda ya zaga unguwannin Gombe da yamma, ko Jekadafari ko Bolari ko Pantami, da wuya bai ga yaro sanye da riga mai hoton jemage ko na gizo-gizo a ƙirji ba. Waɗannan alamomi ne na wasu jarumai na littattafan zane na Amurka, watau Batman da Spider-Man, waɗanda labarinsu ya iso mana ta fina-finan da ake tura wa jama'a a waya. Ko yaron da ba ya jin Turanci ya san abu guda game da Batman: an harbe uwarsa da ubansa a gabansa.

Tilas ya sani, gama ba a taɓa barinsa ya manta ba. Bob Kane da Bill Finger ne suka ƙago wannan jarumi cikin 1939, a ƙarshen shekarar kuma suka ba da asalinsa cikin shafi biyu rak. Wani ɗan fashi ya tare Thomas Wayne da matarsa suna komowa daga sinima da dare, ya harbe su, ɗansu Bruce yana kallo, yaron ya yi rantsuwa zai yaƙi miyagu muddin ransa. Shi ke nan. Ko sunan ɗan fashin, Joe Chill, sai cikin 1948 aka faɗe shi.

To, amma waɗanda suka gāji aikin ba su bar mamatan nan sun huta ba. An sake kashe su a fim ɗin 1989, da na 1995, da na 2005, da na 2016, har da na 2019, wanda labarin Joker ne, abokin gābar Batman. Lungun dai shi ne, bindigar ita ce, ga kuma duwatsun wuyan uwar suna warwatsuwa a ƙasa. Cikin 2011 wani marubuci ya juya abin: yaron aka kashe, uban ya zama Batman, uwar ta haukace ta zama Joker.

Iyayen Spider-Man ma ba su tsira ba. Cikin 1968 aka ce 'yan leƙen asiri ne, sun mutu a jirgin sama. Cikin 1992 sai ga su sun dawo da rai, bayan shekara biyu kuma aka ce ai ba su ba ne, mutum-mutumi ne aka ƙera don a yaudare shi. Abin da ya fi ban mamaki shi ne na Flash, jarumin gudu, wanda ya fito cikin 1956 da iyayensa lafiya lau. Cikin 2009 Geoff Johns ya koma baya ya kashe masa uwa tun yana yaro, ya jefa uban kurkuku, sai ka ce mai uwa da uba bai isa ya yi jarunta ba.

Dalilin a fili yake. Littattafan nan wata-wata suke fita, fiye da shekara 80 ke nan, jarumin ba ya tsufa, marubuta kuwa wannan ya tafi wancan ya zo. Kowane sabon hannu yana so ya sa mai karatu hawaye, hanyar da ta fi sauƙi kuwa ita ce ya tone kabarin nan. Sai dai yau da gobe ta sa tausayin ya dushe. Mutuwar da aka nuna sau goma ta zama ado, kamar tambarin da ke jikin rigar.

Kada mai karatu ya ce wannan cutar Turawa ce kurum. Tun a tatsuniya mun san marainiya da kishiyar uwa. A littattafan soyayya da fina-finanmu kuwa, sau nawa aka buɗe labari da haɗarin mota, sa'an nan baffa ya cinye gādo, sa'an nan ɗan mai kuɗi ya zo ya share hawaye? Maraicin nan tikitin shiga ne kawai. Da zarar labari ya kankama, ba wanda ke sake tambayar wa ya ciyar da yarinyar, wa ya sa ta makaranta.

Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ba haka ya yi ba a cikin Shaihu Umar, wanda aka buga cikin 1934. Umar ya tashi bai san mahaifinsa ba, amma littafin bai tsaya kuka a kan gawa ba. Sai ya bi yaron hannu zuwa hannu: mijin uwarsa Makau, da Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi ya ba shi ilmi, da uwar da ta faɗa bauta wajen nemansa. A wurin riƙo labarin maraya yake. Marubutan Batman sun yi jinkirin gane haka ƙwarai: baransa Alfred ya fito tun 1943, amma sai a shekarun 1980 aka mai da shi wanda ya rene shi.

Mutanen Gombe ba sa bukatar a fassara musu wannan. Bama-baman da suka tashi a tashar Dukku cikin 2014 da babbar kasuwa cikin 2015 sun bar marayu, ga kuma waɗanda suka gudo daga Barno da Yobe. Kakanni da goggonni da maƙwabta ne suka ɗauke su, ba kuma da dukiya irin ta gidan Wayne ba. Wasu daga cikin yaran nan suna cikin masu kallon Batman a waya.

Fim ɗin 2022 na Matt Reeves shi ne ya ƙi nuna harbin nan ko kaɗan. Maimakon haka sai ya kawo wani mugu, Riddler, wanda shi ma maraya ne, ya tashi a gidan marayu cikin sanyi da ɓeraye. Da suka haɗu da Batman, ƙorafinsa shi ne duk gari ya tausaya wa ɗan attajiri, su kuwa talatin-talatin suke kwana a ɗaki guda ba wanda ya waiwaye su.