Bahiya: Jihar da Ta Ci Gumin Kakanninmu

In ka ɗauki taswirar duniya ka aza yatsa a kan Legas, ka ja shi kudu maso yamma har ka tsallake Tekun Atilantika, inda za ka sauka shi ne gaɓar Barazil, wajen jihar Bahiya. Yawancinmu in an ce Barazil, ƙwallo ce kawai ke zuwa mana a rai. Amma labarin wannan jiha ya shafe mu kai tsaye, don akwai Hausawan da suka rayu a cikinta, suka yi yaƙi, a can kuma aka binne su.

Faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 565,000, wato ta haura rabin Nijeriya. Jiha ɗaya fa! Mutanenta kuwa miliyan 14 ne da 'yan kai a ƙidayar 2022, kuma duk Barazil babu jihar da ta kai ta tsawon gaɓar teku. Sunan ma daga tekun ya fito: a harshen Fotugal, kalmar na nufin inda teku ya kutsa cikin ƙasa ya yi lungu, inda jiragen ruwa ke samun mafaka. A bakin wannan lungu babban birninta, Salbado, yake.

Bakin tekun ƙasar ruwa ce da kurmi, kamar kudancinmu. Da ka nausa ciki sai ka faɗa ƙasar fari da ƙaya, inda damina ke yin gardama. Mutumin Katsina ko Damagaram ba zai ji baƙunta sosai a nan ba. Kogin Sao Faransisko ne ya ratsa wannan yanki, in ka haye shi kuma sai shimfiɗaɗɗen tudu a can yamma.

A nan Turawan Fotugal suka fara sauka a 1500. Sun kafa Salbado a 1549, ita ce kuma hedikwatar Barazil har 1763, lokacin da aka mayar da mulki birnin Riyo. Abin da ya zaunar da su rake ne. Ƙasar da ke kewaye da lungun tekun tana da albarka, sukari kuma yana tsada a Turai. To amma wa zai sare raken, wa zai tsaya bakin tukunyar dafa shi? Sai aka juya Afirka neman bayi.

Wani abin takaici shi ne da me ake sayen mutanen. Bahiya na noma taba. Mai kyau ana kai ta Turai, wadda aka raina kuma sai a shafa mata ruwan mazarƙwaila don kada ta bushe, a kawo ta tashoshin Wida da Legas, a musanya da 'yan Adam. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da na ƙasar Yarabawa daga baya, sun cika kasuwannin bayi da kamammu, da yawa kuma Musulmi ne masu karatu. Ta haka Hausawa suka sami kansu a gonakin raken Bahiya da titunan Salbado suna dako.

Ba su kuwa zauna shiru ba. A 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin tawaye na bayi Hausawa kafin ya tashi. An sake yunƙurawa a 1809 da 1814. Mafi girma shi ne na daren 24 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, wanda ake kira tawayen Male. Yawancin jagororinsa Yarabawa Musulmi ne, da Hausawa a ciki. Ɗaruruwan mutane suka fito cikin fararen riguna, da layu a jikinsu. Sai dai labari ya riga ya kai kunnen hukuma, kafin gari ya waye sosai an murƙushe su. Aka kashe wasu, aka yi wa wasu bulala, aka koro 'yantattu da dama zuwa Afirka. Takardun Larabcin da aka ƙwace a hannunsu suna nan ajiye a ɗakin adana tarihi na jihar. Masu dawowa daga Barazil su ne ake kira Aguda a Legas, unguwarsu na nan a tsibirin har gobe. Bauta kuwa sai a 1888 Barazil ta soke ta.

Yau in ka shiga Salbado za ka ga mata cikin fararen kaya suna soya ƙosai da manja a bakin titi. Sunansa a can akaraje, ka ji ƙamshin akaran Yarabawa a ciki.

Shi arzikin Bahiya, kusan kullum a kan kaya ɗaya yake tsayawa, in ya faɗi kowa ya ji a jikinsa. Bayan rake sai lu'ulu'u a tsaunukan tsakiya, sai koko a kudancin gaɓar, wajen garin Ilhéus. Koko ya yi attajirai, ya gina garuruwa. A 1989 wata cutar itace da suke kira tsintsiyar mayya ta shiga gonakin. Cikin 'yan shekaru noman ya durƙushe, leburori suka watse zuwa birane, Barazil da ke sayar wa duniya koko ta koma sayowa.

Masana'antu ma sun ɗanɗana irin wannan. A unguwar Lobato ta Salbado aka fara samun man fetur a Barazil a 1939, a 1978 kuma aka buɗe babban rukunin masana'antun sinadarai a Camaçari. Kamfanin Ford ya kafa masana'antar mota a wurin a 2001, ya rufe a 2021, dubban ma'aikata suka wayi gari ba aiki. Yanzu kamfanin BYD na ƙasar Sin ne ya karɓi wurin don haɗa motoci masu amfani da lantarki.

Inda ya kamata ɗaliban injiniya da na aikin gona su kasa kunne shi ne cikin ƙasar, wurin da aka daɗe ana ganin ba ya tsinana komai. A Juazeiro, da ruwan Sao Faransisko ake noman rani, ana fitar da mangwaro da inabi zuwa Turai. Iskar da ke kaɗawa a tsaunukan ƙasar farin ta sa Bahiya cikin sahun gaba wajen samar da lantarki daga iska. Tudun yamma kuwa, da aka gyara tsamin ƙasarsa da garin farar ƙasa aka samo irin da ya dace da zafi, ya zama matattarar waken suya da auduga.

Sai dai kada a ruɗe mu da jin haka. Manyan gonakin yamma galibi na manoman da suka taso daga kudancin Barazil ne da jarinsu, inji ne kuma ke yawancin aikin. Ƙaramin manomin da ke nesa da kogi har yanzu sama yake kallo, jikokin masu saran rake kuma su ne suka cika unguwannin talakawa da ke manne a tuddan Salbado.