Tsakanin kunu da burkutu, lokaci ne alƙali

Duk mai sayar da kunun zaki a Yara, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Keffi a jihar Nasarawa, ta san cewa da rana take tsere. Kunun da ta tace da asuba yana da zaƙi da ƙamshin citta da kanumfari. Kafin la'asar tsami ya fara leƙowa. Idan ya kwana babu firji, robar sai ta kumbura, in an buɗe murfin ta yi tsaki, kumfa ya taso.

Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke wannan aikin. Wasu ƙwayoyin bakteriya suna cin sukarin da ke cikin gero ko dawa su mayar da shi tsami, irin na nono. Bayansu yisti ke shigowa, shi kuma iska da barasa yake haifarwa. Shi ya sa masu kiyaye addini ba sa wasa da kunun da ya daɗe a ajiye.

Masu dafa burkutu da fito a ƙauyukan jihar, inda wasu daga cikin Eggon da Mada da Gbagyi ke sha a bukukuwan gargajiya, wannan hanyar suke bi da gangan har ƙarshenta. Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a lulluɓe, ana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro. Tsiron ne sirrin, domin shi ke narkar da sitacin ƙwayar ya zama sukari. Sai a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba ragowar tsohuwar giya a matsayin iri. Washegari randa tana ta ɓararraka ba tare da wuta ba. Burkutu na da kauri da duhu, fito kuwa tatacce ne.

Mashaya sun san ranakunsa. A ranar farko akwai sauran zaƙi kuma bai cika ƙarfi ba. A ta biyu ya kai, tsami da ƙarfi sun daidaita. Daga nan sai gangara: wasu bakteriyar dabam suna haɗuwa da iska su mayar da barasar ruwan khal, zafin Keffi kuma yana ƙara musu sauri. Kafin mako ya cika sai dai a zubar.

A Turai labarin ya sha bamban, ko da yake ba kamar yadda ake zato ba. Yawancin giyar kwalba ma tsufa ba ya yi mata kyau. Ƙamshin furen hops, wanda ke ba ta ɗaci, yana gushewa cikin 'yan watanni, iskar da ta shiga kwalbar kuma tana sa ta warin tsohon kwali. Ƙalilan ne ke gyaruwa da shekaru, kamar lambic ta ƙasar Beljiyam, wadda gidan Cantillon da aka kafa a Brussels a 1900 ke ajiyewa a gangunan katako har shekara uku. Abin sha'awa, ita ma yistin da ke yawo a iska ake bari ya faɗa mata, kusan yadda ake yi wa burkutu.

Abin da ya raba kwalba da ƙwarya shi ne dumamawar da ke kashe ƙwayoyin kafin a kai kasuwa, dabarar da ta samo suna daga Louis Pasteur na Faransa, wanda ya wallafa bincikensa kan giya a 1876. Dawar kanta ba ta da laifi a saurin lalacewar burkutu: bayan da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya da lemon malt suka koma sayen dawar manoman Arewa.