Faffaɗar Taya Mai Gurzar Madigadi

Duk mai bin hanyar Kabo zuwa Gwarzo ran kasuwa ya san ƙarar nan ta gurzar taya a jikin madigadi, musamman in an danƙara wa mota buhunan masara. Sau da yawa dalilin shi ne direbobi kan sa tayar da faɗinta ya wuce ƙa'ida. Dubi Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe cikin 1975 ta yi ta harhaɗawa: taya mai faɗin milimita 175 aka tsara mata.

To, gyaran ba wuya. Makaniki ya lanƙwasa leɓen madigadin ciki, ya kuma sake sifirin da ya kwanta. Amma fa in ƙarfen ya riga ya yanki gefen tayar, faci ba ya riƙe wurin. Sai a cire ta tun kafin ta fashe da fasinjoji.